Malam Birki da Tsohuwa Mai Hawa Bene

Malam Birki bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen abin da ya fara ba. Ba don mugunta ba, sana'a ce ta mayar da shi haka. Malamin koyar da tuƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar koyo ya san birki biyu ne a cikinta, ɗaya a ƙarƙashin ƙafar ɗalibi, ɗaya a gefen malami. To, shi nasa ya fi na ɗaliban saurin cinyewa. Kafin ɗalibi ya hango rami ya taka. Kafin mai keke ya yanke shawarar tsallakawa ya taka. Wata mata ta rantse cewa ta gama koyo kaf a hannunsa ba ta taɓa jin yadda mota take tsayawa da ƙafarta ba. Ɗaliban ne suka laƙa masa sunan, sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Kiɗa kuwa a bakin aiki ya tsince shi. Motar farko da makarantar tuƙin ta ba shi ta sha jiki a hannun wasu, kuma ta zo da kaset maƙale a cikin rediyonta. Ya danna, ya ja da filaya, ya kai wa mai gyara, kaset ya ce ba inda za shi. Rediyon ba ya kama tasha ko ɗaya. Saboda haka ko ka saurari kukan injin, ko ka saurari abin da ke cikin kaset ɗin. Abin da ke ciki shi ne kiɗan nan na mutanen da, wanda masana suke kira kilasik. Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, sai fiyano da goge manya da ƙanana da kayan busa iri-iri. Wani lokaci su yi ƙasa-ƙasa har ka ɗauka kaset ya ƙare, kana kai hannu sai su taso maka gaba ɗaya. A makon farko Malam Birki ya ce wannan ai kiɗan asibiti ne. Wata bai cika ba matarsa ta fara jiyo shi yana bin sa da fito a banɗaki.

Tunda ba a ganin rubutun jikin kaset ɗin, shi ya raɗa wa kowane kiɗa suna. Akwai Faɗan Mahauta, wanda ake buɗewa da sara da duka. Akwai Ruwa a Kan Kwano. Akwai An Ce Shugaba Na Tafe, wanda ake ta shiri ana ta shiri, ba wanda ya iso. Amma wanda ya kama masa zuciya shi ne Tsohuwa Mai Hawa Bene, fiyano ne shi kaɗai, a hankali, taki bayan taki. Daga baya, da ya fara sayen faya-fayai yana jerawa a falo, ya gano sunayensu na gaskiya, sai ya tarar yawancinsu lambobi ne kamar na bayan mota. Ya ce mutanen nan sun iya kiɗa amma ba su iya raɗa suna ba, ya ci gaba da nasa.

Daga nan jama'a suka shiga uku. Malam Birki ya zama likita, kiɗa ne maganinsa, kuma ba ya jira a kawo masa ƙorafi. Ɗalibin da ƙafarsa ke rawa a kan kuloci, Ruwa a Kan Kwano safe da yamma. Wanda ke tsoron shataletale, akwai wani kiɗan rawa mai taki uku-uku, a ji shi kafin a fito daga gida. Mai shagon da ke ƙasan beninsu ya yi kuskuren cewa bayansa na ciwo, ya koma shago da faifai biyu da gargaɗin wanda zai fara sawa. Mai aski ya daina tambayarsa ya aiki. Har a gidan rasuwa an taɓa ganinsa ya ja ɗan mamacin gefe yana yi masa raɗa, aka ɗauka nasiha ce, ashe wani kiɗan babban goge yake ba shi shawarar ya nema in baƙi sun watse.

Da a ce iyakarsa ba da shawara, da an yafe masa. Amma ina. Malam Birki bai yarda ɗan Adam zai iya sauraron kiɗa shi kaɗai ba tare da malami a gefe ba. Zai zaunar da kai, ya kunna, ya ɗaga yatsa ya ce ka yi shiru. Kai za ka yi shirun. Shi ne ba zai yi ba. Kiɗa bai yi taku biyar ba zai tambaye ka ko ka ji wannan, kafin ka amsa ya mayar baya, ya sake mayarwa, har farkon ya fita daga ranka. In ma Tsohuwa Mai Hawa Bene ce, tsarin ba ya canzawa. Farkon zai mayar har sai ka ga tsohuwar da idonka, da sandarta da numfashinta. Da an iso tsakiya sai ya rage murya, ya gyara zama, ya ce nan ba abin da ke faruwa, tsohuwa ce take hutawa a kan kwana, sai ya cika wurin da bayanin abin da ke tafe, da tarihin motar farko, da yadda filaya ta karye a bakin rediyo. Ƙarshen kuma da ihu yake tarbarsa, yana dukan cinyarka yana cewa ga shi nan, ga shi nan, har ya wuce ba ka ji ba.

Matarsa, wadda take ɗinkin labule a ɗakin baya, ta ce duk kiɗan gidan nan da muryar mijinta ta san su. In aka kunna mata ɗaya ba ya nan, wallahi ba za ta gane shi ba.

Fiyanon kuwa kyauta ya shigo gidan. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta zo koyon tuƙi bayan rasuwar mijinta. Ta yi ta zuwa gwajin lasin tana faɗuwa, don duk inda ya kamata ta tsaya sai ta jira a taka mata. Da ta haƙura za ta koma wurin ɗanta, ta ce Malam Birki ya zo ya ɗauki fiyanonta, tunda shi kaɗai ne ya taɓa yi mata maganar kiɗa a garin, ko da yake bai taɓa bari ta ba shi amsa ba. Ƙarti suka hau da shi bene suna nishi, Malam Birki yana gaba yana ba su hannu kamar masu yin fakin. Da aka ajiye shi a falo ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya ga abin takawa guda uku jere. Ya ɗago fuskarsa cike da murna ya ce wa matarsa ashe mota ce.

Shi bai iya ba, yatsunsa sun saba da sitiyari. 'Ya'yansa maza biyu suka ɗan daddanna suka koma ƙwallonsu. Auta ce, ƙaramar 'yarsa, ta hau kujerar tun ƙafarta ba ta kai ƙasa, ta ƙi sauka. Aka samo mata malama mai zuwa gida. Yarinya ta kama abin kamar da shi aka haife ta, ta koyi karanta takardar kiɗa, hannunta ya yi laushi. Uban ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Ya jawo kujera ya ajiye a gefenta, daidai inda malamin tuƙi yake zama, kuma daga ranar Auta ba ta sake kaɗa komai daga farko har ƙarshe a gabansa ba.

Zai zaɓa mata abin da za ta kaɗa, wannan ba laifi. Tana farawa zai ce a hankali. Tana ragewa zai ce ba haka yake a faifai ba. In ta ɗan yi sauri sai a ji ƙafarsa ta daki siminti, yana neman birkin da babu. Sau ɗaya ma ya miƙa ƙafa ya taka mata na tsakiya. Malamar ta yi haƙuri iya haƙuri, sannan ta ce ko dai ya riƙa fita in ta zo, ko ita ta daina zuwa. Ya riƙa fita, amma iyakarsa bayan ƙofa, ana jiyo gyaran muryarsa duk inda bai gamsu ba.

Auta ba mai hayaniya ba ce. Ta yi shekaru tana haɗiyewa. Wata rana da la'asar, lokacin ta zama budurwa, tana cikin kaɗawa yana cikin bayani, sai ta ɗauke hannunta, ta rufe murfin a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ya ɗauka fushin kwana ɗaya ne. Ashe ta yanke ke nan. In yana gida, fiyano a rufe da mayafinsa. In ya fita aiki, ta buɗe.

Nan abin ya zama azaba. Mai shago zai tare shi a bakin bene ya ce kai Malam, yau Auta ta sa har na manta da mai sayen sabulu a tsaye. Matar da ke hawa na biyu ta ce jaririnta ba ya barci sai da kiɗan yarinyar nan. Mai kawo gas ma ya taɓa ajiye tukunya a kan matakala ya zauna. Duk benen sun san hannun Auta, ban da mutum ɗaya, wanda ya hau da fiyanon. Malam Birki yana murmushi yana cewa ai tarbiyya ce, amma abin yana cin sa. Kishin mai kawo gas ya kama shi sosai, har ya daina amsa gaisuwarsa.

Ya gwada dabara. Wata safiya ya sa ɗalibinsa, wani ma'aikacin banki mai ƙiba, ya bi ta layinsu, ya ce yau darasin fakin ne, ya sa shi ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar falon. Suka kashe mota. Kiɗa yana saukowa ta taga, mai taushi, wani da bai ma sani ba. Malam Birki ya rufe ido. Ya yi ƙoƙari, a gaskiya ya yi. Amma da Auta ta iso wani wuri ta ɗan ja shi fiye da yadda ransa yake so, bai san lokacin da ya zuro kai ta gilashi ya ɗaga murya ya ce ta sake shi ya tafi mana ba. Kiɗan ya tsaya. Aka ji murfi ya rufu, sannan taga. Ma'aikacin bankin ya tambaya ko ya yi fakin ɗin daidai, Malam Birki ya ce masa ya ja mota kawai.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya yi furfura, ya kusa ajiye aiki, har yanzu yana ba mutane shawarar abin da za su saurara. Auta ta gama karatu, ta samu aikin koyarwa a wani gari mai nisa, kwana ake yi a hanya. Ta ce da fiyanon za ta tafi. Ba wanda ya yi musu, nata ne, ko uban bai ce uffan ba. Sai dai a kwanakin ya daina kunna faifai, ya daina cin abinci sosai, yana zama a falo yana kallon mayafin da aka rufe fiyanon da shi. Matarsa ta fahimci in aka sauke abin nan daga bene bai ji 'yarsa ba, to shi ke nan, zai mutu bai ji ba.

Ita ta shiga tsakani. Ta yi ta kai da komo tsakanin ɗakin Auta da falo da tef ɗin awo a wuya, kamar mai sasanta ƙasashe biyu. Auta ta ce ta sha jin alkawari. Uwar ta ce wannan karon ita ce za ta tsaya masa. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa ranar tafiya, kafin masu ɗaukar kaya su iso, Auta za ta kaɗa guda ɗaya, wanda ya zaɓa. Sharaɗin shi ne ba magana, ba tari, ba yatsa, ba ƙafa. In ya karya, za ta rufe, kuma ba za ta sake buɗewa a gabansa ba har abada. Malam Birki ya ce wannan ai cin fuska ne, kamar shi a ce ba zai iya shiru ba. Ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ya iya shiru.

Ranar ta zo. Falon ya cika da kwalaye da akwatuna, an sauke labule. Matarsa ba ta yarda da alkawarin baki ba. Ta cire masa takalmi. Ta ɗauke kujerarsa daga gefen fiyano ta kai bayan Auta, can jikin bango. Ta sa shi ya zauna a kan tafukan hannunsa. Sannan ta kawo kofin ruwa ta ce ya guntsa ya riƙe, kada ya haɗiye, kada ya zubar.

"Malam, in na ga ɗigo ɗaya a rigarka, ni da kaina zan rufe murfin," in ji ta.

Kafin ya guntsa Auta ta tambaye shi wanne yake so, ba tare da ta juyo ba. Ya ce Tsohuwa. Ta bar hannunta a kan cinya, kamar za ta ce ya zaɓi wani. Sai ta ɗaga murfin.

Tsohuwa ta fara hawa. Taki, taki, ta tsaya, taki. Auta ta ɗauke shi a hankali fiye da na faifai, kuma nan take Malam Birki ya ji maganar ta taso masa daga ciki har maƙogwaro, ta tarar da ruwa ta koma. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta, matarsa ta harare ta, ta sauka. Kumatunsa suka kumbura, gumi ya keto masa. Ga wurin da yake mayarwa baya ya zo ya wuce, ba wanda ya mayar. Bai taɓa shan wahala irin wannan ba, ko ranar da wata ɗaliba ta hau da shi kan dakalin wani gida.

Aka iso tsakiya, inda tsohuwa take hutawa. Ya saki kafaɗa, don a saninsa nan ba komai, zai samu ya huta shi ma.

Sai hannun hagu na Auta ya yi ƙasa, ya riƙe wani sauti mai zurfi, na dama kuma ya ɗauko wata 'yar siririyar waƙa daga sama, wadda bai taɓa ji ba. Ba ta yi kama da hawa bene ba ko kaɗan. Ta tafi kamar za ta yi dariya, ta dawo, ta sake tafiya, karo na biyun da wani abu a ƙarƙashinta mai nauyi. Ba hutawa tsohuwar take yi ba, tuna wani take yi. Malam Birki ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya nemi abin da zai ce ya rasa, karo na farko a rayuwarsa. Ruwan ya wuce maƙogwaronsa bai sani ba. Bakinsa ya zama fanko, ba abin da ya hana shi magana, amma bai yi ba. Hawaye suka gangaro masa suka ɗiga a riga, matarsa ta gani, ta kau da kai.

Auta ta kai ƙarshe. Ashe ƙarshen ma ba na ihu ba ne, a hankali yake sauka. Ta bar hannunta a kan maɓallan har sautin ya mutu. Falon ya yi tsit, ana jiyo mai shago a ƙasa yana jan ƙofar ƙarfe.

Malam Birki ya zaro hannayensa, sun yi sanyi sun mutu. Ya share fuska. Yana so ya yabe ta, amma halin mutum ba ya barinsa rana ɗaya, sai da malamin ya leƙo.

"Auta, wannan na tsakiyar ya yi kyau ƙwarai. Amma ke kika ƙara shi, ko? Babu shi a nawa."

Ta juyo a kan kujerar ta dube shi. Ba fushi a fuskarta.

"Yana nan, Baba. Yana cikin kaset ɗin, yana cikin faifan. Nan ne wurin da kake bayani."



"Saboda kai na koye shi," ta ce. "Tun ina 'yar firamare. Malama ta ce ya fi ƙarfina, na ce na Babana ne. Kullum in na kaɗa maka ina jira mu iso nan ka ji. Da mun iso sai ka fara labarin filaya."

A daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Masu ɗaukar kaya ne, su huɗu, da igiya da tsohon bargo, babbansu yana cewa a yi haƙuri a hanzarta, sun tare hanya da mota. Malam Birki ya miƙe ba takalmi. Ya so ya ce su ba shi minti kaɗan, ya so ya ce Auta ta sake kaɗa masa tsakiyar kawai, ko rabinta. Ya dubi 'yarsa, ta riga ta rufe murfin tana ɗaure jakarta, idonta ya yi ja. Ya ga ba shi da bakin roƙon ƙari.

Suka naɗe fiyanon da bargo suka ɗaga. A kwanar farko ta matakala gefensa ya gogi bango, fenti ya zubo. Matarsa ta taɓa shi ta ce ya yi musu magana mana, za su fasa wa yarinya abu. Malam Birki yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan ƙarfen bene, yana kallon su suna sauka. Bai ce komai ba har suka kai ƙasa.